Waiwaye: Kasuwar da Hayaƙi Ke Kuɗi

Wata Laraba tayata ta sace a hanya, na lallaɓa na gangara gindin wata darbejiya inda wani mai faci ya kafa injinsa. Yana ta fama da ƙarfen ɓalle taya, ni kuwa ina zaune a benci babu aikin fari balle na baƙi, sai na jefa masa tambaya.

"Malam, wai me ya sa duk tayar duniya baƙa ce?"

Ya ɗago ya dube ni, ya ga da gaske nake. "Alhaji, ai haka Allah Ya halicci roba."

Ban yi masa musu ba, don tayata na hannunsa. Amma wanda ya taɓa ratsa gonakin roba na Edo ko Delta ya san ba haka zancen yake ba. Idan aka tsaga ɓawon itacen, ruwan da ke ɗiga cikin ɗan kofin da aka ɗaura masa fari ne fat kamar madara, in ya daskare ya bushe kuma ya koma ruwan zuma. Baƙin nan na taya zuba shi ake yi, kuma ba ɗan barbaɗe ba. Abin da ya kai kashi ɗaya cikin biyar na nauyin tayar mota, wani lokaci ma ya haura, wani gari ne baƙi wuluk da ake kira baƙin kabon. Duniya tana yin sama da tan miliyan 12 nasa kowace shekara, Sin ce kan gaba, kuma kusan kashi 70 cikin 100 a jikin taya yake ƙarewa. Asalinsa kuwa, in za a faɗi magana ba kwana-kwana, hayaƙi ne aka kama aka zuba a buhu.

Mu da muka yi makarantar allo mun san shi tun ba mu san sunansa ba. In tawada ta ƙare a kurtu, sai a aike mu madafa mu kankaro baƙin gindin tukunya, ko mu daka gawayi ya yi laushi, a jiƙa ƙaro a haɗa, a tace. Ƙaron ne ke riƙe baƙin kada ya kwanta a ƙasan kurtu, shi ne kuma ke manna shi a jikin allo. Har yau ban manta ranƙwashin da na sha ba ranar da na cika ruwa, tawadar ta fito tsararo, Malam ya ja alƙalami bai ga abin da ya rubuta ba. Haka nan duk wanda ya yi karatun dare da fitilar ƙwai ya san in ka ɗaga lagwani ya wuce kima, harshen wutar zai yi ja ya soma hayaƙi, kafin ka ankara ƙwan ya turnuƙe. Kananzir ne ya fi ƙarfin iskar da ke shiga. Da iska ta wadata, da kabon ɗin da ke cikin man ya ƙone ƙurmus ya tafi ba a gan shi ba. Da ta gaza, sai ya fito a ƙananan ƙwayoyi ya manne wa gilashi. A kan wannan ɗan sirri na lagwani aka gina duk masana'antar da zan ba da labarinta.

Tsohuwar sana'a ce. Wani magini na Rum mai suna Vitruvius, da ya rayu a ƙarni na ɗaya kafin Miladiyya, ya bayyana a littafinsa na gine-gine yadda ake gina ɗaki a goge bangonsa sumul, a haɗa shi da tanderu ta 'yan kafofi, a ƙona danƙon itace, hayaƙin ya shiga ɗakin ya kwanta a bango. Sai a kankare, wani a kwaɓa shi da ƙaro don marubuta, wani da gam don masu shafen bango. Da na fara cin karo da wannan bayani dariya na yi, don ban ga abin da ya raba shi da haɗin kurtunmu ba in ban da girman ɗaki. Sinawa su kuma itacen fayin suke ƙonawa, su haɗa baƙin da gam ɗin fata su busar da shi kamar sanda, mai rubutu ya goga a dutse da ɗigon ruwa. Shekaru dubbai iyakar aikinsa ke nan, rubutu da fenti, daga baya aka ƙara da tawadar ɗab'i da man goge takalmi.

Abin da ya fitar da shi daga kurtu wani abu ne da masu haƙar mai na Amurka suka ɗauka alaƙaƙai. Bayan rijiyar da Edwin Drake ya haƙa a Titusville ta jihar Pennsylvania a 1859, masu neman mai suka riƙa cin karo da iskar gas, alhali babu bututun da zai kai ta gari. Sai a bar ta tana huci a daji, ko a cinna mata wuta a huta. A farkon shekarun 1870, a garin New Cumberland na West Virginia, wasu suka fara kunna gas ɗin a ƙarƙashin faifai mai sanyi suna kankare baƙin da ya manne. Masu buga jarida suka ga ya fi na fitila baƙi da laushi, kasuwa ta buɗe. A 1882 wani matashi ɗan Boston da ya karanta ilimin sinadarai a Harvard, Godfrey Cabot, ya shiga harkar a Pennsylvania, kamfanin da ke ɗauke da sunansa kuwa yana cikin manyan masu yin baƙin kabon har gobe. A New York kuma akwai wasu 'yan uwa biyu, Edwin Binney da Harold Smith, dillalan baƙin kabon, waɗanda baƙinsu ya ci lambar zinariya a bajekolin Paris na 1900. Su ne a 1903 suka fito da allin launi na yara mai suna Crayola, kuma yau da shi aka fi tunawa da su.

A lokacin tayar mota fara ce, ko toka-toka. Farin garin zinki ake zuba wa roba don ta yi ɗan ƙwari. Shi ya sa mutumin nan mai ƙiba na tambarin Michelin, wanda aka zana da tulin tayoyi a 1898, yake fari har yau. Waɗancan tayoyi ba su da wani ƙarko, direba kan fita da tayoyin safaya fiye da ɗaya, hanya kuma ta cinye su kamar sabulu. A 1904, a wata masana'antar roba da ke Silvertown a gabashin Landan, wani masanin sinadarai mai suna S. C. Mote ya lura cewa robar da aka zuba wa baƙin kabon ta fi jure ja da gurza. Labarin ya ƙetara teku ya isa Akron ta jihar Ohio, garin masu taya. Kamfanin B. F. Goodrich ya gwada, ya ƙara yawan garin fiye da abin da launi ke buƙata, ya ga ƙarkon tayar ya ninka. Wajen 1911 ya nemi Binney da Smith su riƙa kawo masa abin da ya kai tan 450 a shekara, adadin da babu masana'anta ɗaya da za ta iya cikawa a lokacin. Dole ta sa suka tattara ƙananan masu yi, a 1914 aka kafa kamfanin Columbian Carbon. A shekarar ce kuma Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, zinki ya yi tsada don da shi ake haɗa tagullar kwanson harsashi. Faɗuwa ta zo daidai da zama, farar taya ta ja da baya, ba ta kuma dawo ba.

Me garin ke yi wa roba? A taƙaice, roba wasu dogayen zaruruwa ne a cukurkuɗe, in ka ja su su miƙe, in ka saki su koma. Su kaɗai ba su da ƙarfin hana tsagewa. Ƙwayar baƙin kabon irin wadda ake zuba wa fuskar taya ba ta wuce nanomita 20 zuwa 30 ba, wato sai ka jera fiye da dubu biyu kafin su kai kaurin silin gashi. Ba sa zama ɗai-ɗai, tun a cikin wuta suke mannewa su yi gungu mai rassa. Saboda ƙanƙantarsu, giram ɗaya tak na irin da aka fi amfani da shi yana da fuskar da in an shimfiɗa ta za ta kai murabba'in mita 80, kusan daɓen ɗakuna biyar. A kan wannan fuska zaruruwan robar ke maƙalewa, su sarƙe cikin rassan, tsaga in ta taso ta rasa hanyar wucewa. Ban da haka yana kwashe zafi daga inda taya ke gogar kwalta, yana tare hasken rana da ke sa roba ta bushe ta tsattsage, yana kuma bai wa lantarkin da gogayya ke tarawa a jikin mota hanyar sauka ƙasa. Abin da ke ba ni mamaki, mutane sun yi kusan shekara talatin suna cin moriyar wannan gari ba wanda ya taɓa ganin ƙwayarsa. Sai wajen 1940, da madubin ƙara girma mai aiki da lantarki ya samu, aka gan ta aka auna.

Yadda ake yin sa a wancan zamani kuwa, ɓarna ce tsagwaronta. Za a gina dogayen rumfunan kwano jere-jere, a cikin kowace a kunna ɗaruruwan ƙananan harsunan wutar gas, a rage musu iska da gangan. Sama da su akwai dogayen ƙarafa masu kwari suna kai da komo a hankali, harshen wuta na lasarsu, baƙin na mannewa, wasu wuƙaƙe na kankare shi yana zuba a mazurari. Abin da ake kamawa bai fi kashi 5 cikin 100 na kabon ɗin da ke cikin gas ɗin ba, sau da yawa ma bai kai ba. Sauran wani ya ƙone, wani ya bi ta rufi ya sauka a kan jama'a. Zafin wutar duka ga banza yake tafiya. Har jihar Wyoming ta yi doka a 1919 ta hana ƙona gas ta wannan hanya a rijiyar da ba ta kai nisan mil goma daga gari ba, kamfanin Midland Carbon ya kai ƙara, Kotun Ƙolin Amurka ta bai wa jihar gaskiya a 1920.

Hausawa sun ce wanda ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. Waɗannan mutane sun san kasuwar tokarsu, kuma rumbun ba a bakin komai yake ba a wurinsu, don inda gas ya fi arha can suke bi. Daga West Virginia suka koma yankin Monroe na Louisiana, daga nan sai arewacin Texas, inda akwai gas mai warin ƙibiritu da ba ya shiga gidaje, da wanda aka tatse fetur ɗinsa aka saki ragowar a iska. A farkon shekarun 1930 kusan kashi uku cikin huɗu na baƙin kabon ɗin Amurka daga Texas yake fitowa. Garin Borger, da aka kafa a 1926 saboda mai, ya yi suna da baƙin girgijen da ba ya gushewa a samansa, har mai zane Thomas Hart Benton ya sa shi a wani sanannen zanensa na garin. Masu shanya a can sai sun duba inda iska ta nufa.

Yaƙi ne ya sake juya lamarin. A farkon 1942 Japan ta mamaye Malaya da tsibiran da yanzu ake kira Indunusiya, Amurka ta wayi gari an datse mata kusan kashi 90 cikin 100 na robar itacen da take samu, ga motocin soja da jiragen sama suna jiran taya. Ta juya ga robar da ake haɗawa daga sinadaran mai. Ita kuwa wannan roba, in babu baƙin kabon a cikinta, ba ta da ƙarfin kirki ko kaɗan, ta fi ta itace buƙatarsa nesa ba kusa ba. A 1943, a dai wannan gari na Borger, kamfanin Phillips Petroleum ya fara aiki da wata sabuwar hanya da injiniyansa Joseph Krejci ya ƙirƙiro, wadda ta maye gurbin gas da mai, ta kuma mayar da wutar cikin rufaffen tanderu.

Ga yadda take. Tanderun dogon bututu ne da aka shafe cikinsa da tubalin da ke jure wuta. A bakinsa ana ƙona gas ko mai da iska mai zafi, wuta ta tashi ta kai digiri 1,400 zuwa sama a ma'aunin Salshiyas, wani lokaci ta haura zafin da ke narkar da ƙarfe. Wannan guguwar wuta tana ratsa wani ƙunƙuntaccen maƙoshi da gudu, a nan ake fesa mata mai mai kauri, irin gurɓin da ke saura a matatar mai ko kwaltar kwal. Iskar da ta rage ba ta isa ta ƙona shi ba, sai zafi ya farfasa shi, kabon ya ware. 'Yan taku kaɗan gaba sai a fesa ruwa a kashe aikin. Daga fesa mai zuwa fesa ruwa, ga nau'in da ake zuba wa fuskar taya, ko ƙiftawar ido ba a kai ba. Hayaƙin ya wuce cikin jakunkunan tacewa su kama garin, iskar da ta rage kuma, da yake tana ci da wuta, a mayar da ita a busar da kaya ko a ba da lantarki. Garin da ya fito ya fi auduga rashin nauyi, in ka buɗe buhunsa ɗaki ya tashi, don haka ake jiƙa shi a murza ya zama ƙananan ƙwallaye kamar ƙwayar gero, a busar, sannan a loda. Ta wannan hanya ana kama rabin kabon ɗin man ko fiye. Masana'antar rumfa ta ƙarshe a Amurka ta rufe a 1976, yau kuma fiye da kashi 95 cikin 100 na baƙin kabon ɗin duniya daga irin wannan tanderu yake fitowa.

A nan ne, a ganina, darasin labarin yake. Wutar Borger da ta madafar kakata duk abu ɗaya suke yi. Abin da ya raba kunkunniyar rufin ɗaki da kayan da ake sayarwa da dala shi ne awo. Mai tanderu ya san in ya ƙara zafi ya gaggauta fesa ruwa, ƙwayar za ta fito ƙanana. In ya sassauta, ta yi girma. Ya san ɗan gishirin fotashiyam da zai ɗiga a wutar ya rage yawan rassan gungun. Saboda haka ne ake da nau'o'i masu lamba da duk duniya ta yarda da su. N220 da N330 na fuskar taya ne, inda ake son jure gurza. N550 da N660, masu manyan ƙwayoyi, na gefen taya ne da cikinta, inda ake son lanƙwasa ba tare da ɗaukar zafi ba. N990 shi ne mai ƙwaya mafi girma, shi kuwa ba a wannan tanderu ake yin sa ba. Mai taya a Japan zai yi odar N330 daga Masar bai taɓa ganin mai yin sa ba, ya kuma san abin da zai iso masa. Kunkunniya kuwa ta yau daban, ta gobe daban, cike da toka da maiƙo, ba wanda zai ɗora ran fasinja goma sha takwas a kanta. Mu kan yi alfahari da cewa Allah Ya ba mu kaza a ƙasa, Ya ba mu kaza a daji. Gaskiya ne. Amma mai saye ba ya tambayar abin da Allah Ya ba ka, tambayarsa ita ce ko buhu na dubu zai yi daidai da buhu na farko.

Da ka san shi, sai ka riƙa ganinsa ko'ina. Tankin ruwan nan baƙi da ke kan rufin gidaje, da baƙin bututun roba da ake binnewa, da rigar wayar lantarki, kashi biyu zuwa biyu da rabi cikin ɗari na jikinsu baƙin kabon ne, aikinsa tare rana. Wanda ya taɓa mance farin bokitin roba a tsakar gida bazara biyu ya ga yadda yake marmashewa kamar ƙuli, ya san amfanin wannan. Bel ɗin injin niƙa, tiyon fetur, robar bakin gilashin mota, tafin takalmi, duk yana ciki. Garin injin fotokwafi shi ne ke ba shi baƙi, haka tawadar jaridar da ke ɓata yatsa. Akwai wani nau'i da ake yi daga iskar asetilin, irin ta masu walda, wanda ke wuce da lantarki sosai, shi ake sa wa batirin tocila da rediyo, danginsa kuma suna cikin batirin waya da na sola. A 1992 Michelin ya fito da tayar da aka maye wani kaso na garin da silika don rage shan mai, wasu suka fara yi masa ta'aziyya. Ashe da sauransa: silika ba ta wuce da lantarki, dole aka riƙa barin siririn layin roba mai baƙin kabon a fuskar tayar.

Kada a ɗauka labarin duka riba ne. A tsakiyar Romaniya akwai wani ɗan gari, Copșa Mică, inda masana'antar Carbosin ta yi aiki tun tsakiyar shekarun 1930 har zuwa 1993, ga kuma wata ta narkar da dalma da zinki a maƙwabta. Da mulkin gurguzu ya faɗi a 1989 'yan jarida suka shiga, hotunan da suka fito da su sun girgiza Turai: rufin gidaje, ciyawa, fuskokin yara, har tumaki, komai baƙi. An san yadda ake tace hayaƙi a lokacin, ba a dai ga dalilin kashe kuɗi a kan mutanen da ba su da bakin magana ba. Hukumar binciken cutar daji ta duniya da ke Lyon a Faransa ta sa baƙin kabon a rukunin abubuwan da mai yiwuwa ne su jawo cutar ga mai shaƙar ƙurarsa. Wanda ke cikin taya ko tanki a ɗaure yake, haɗarin yana kan ma'aikacin da ke buɗe buhu da maƙwabcin da ke bayan katanga.

To, mu fa? Ba za a ce ba mu taɓa gwadawa ba. Matatar mai ta Warri, wadda aka buɗe a 1978, an ƙara mata sashen yin baƙin kabon a 1988, mai ƙarfin tan 18,000 a shekara, don ya ci gurɓin man da matatar ke fitarwa. A takarda lissafin ya yi kyau ƙwarai. Ga gonakin roba a Edo da Delta da Kuros Riba, ga cibiyar binciken roba a Iyanomo kusa da Benin, ga masana'antar tayar Michelin a Fatakwal, ga ta Dunlop a Ikeja. Itace, mai, gari, taya, duk a ƙasa ɗaya. Sai dai sashen baƙin kabon ɗan goyo ne, in matatar ta tsaya shi ma ya tsaya, matatar kuwa kowa ya san tarihin tsaye-tsayenta. Mai yin taya ba zai jira ba, ba kuma zai karɓi garin da ba shi da tabbacin nau'insa ba. Daga baya su ma masu tayar suka gaji da kuɗin janareta da gasar tayoyin waje masu arha: Michelin ya rufe a 2007, Dunlop ya daina yin taya a 2008. Ko da sashen Warri ya tashi garau a wannan rana, wa zai sayar wa a cikin gida? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A Masar, masana'antar da kamfanin Birla na Indiya ya kafa a Iskandariya a tsakiyar shekarun 1990 tana bakin teku tana loda wa Turai. A Afirka ta Kudu, ta kamfanin Orion tana Gqeberha, wato tsohuwar Port Elizabeth, maƙwabtaka da masu haɗa mota da masu yin taya. Kowace ta san mai sayenta kafin ta kunna wuta.

Hayaƙin kuwa muna da shi, har ya yi mana yawa. Wata doka ta 1979 ta sa 1984 a matsayin wa'adin daina ƙona gas a rijiyoyin mai, ga shi har yanzu Nijeriya na cikin ƙasashe goma da suka fi ƙona shi a banza. Tun ƙarshen 2016 mutanen Fatakwal ke kwana su tashi da baƙar ƙura a tagogi da hancin 'ya'yansu, wadda aka fi dangantawa da tace mai ta ɓarauniyar hanya da ƙona abin da aka kama. Wannan ba baƙin kabon ba ne, kunkunniya ce mai maiƙo da guba, ba ta da kasuwa sai asibiti. A mahautai da yawa kuma da tsohuwar taya ake babbake kai da ƙafa da ganda, wato garin da aka sha wahalar kamawa a wata ƙasa, mu mu sake shi a kan abin da za mu ci. Ba cewa nake a je a gina rumfunan Borger a Neja Delta ba, wannan zamani ya wuce, gara ma da ya wuce. Amma a Hallam ta jihar Nebraska kamfanin Monolith ya buɗe masana'anta a 2020 inda ake fasa iskar gas da zafin lantarki ba tare da ƙona ta ba, a sami baƙin kabon a hannu ɗaya, iskar haidurojin a ɗayan. Wasu kuma suna dafa tsofaffin tayoyi a rufaffen tanderu su ƙwato mai da waya da garin, ko da yake nasu garin yana fitowa da toka, kuma har yanzu fafutukar da suke yi ita ce ta daidaita shi ya sami lambar da masu taya za su amince da ita.

Mai facina ya gama, ya tsoma tayar a ruwa bai ga kumfa ba. A bayan rumfarsa akwai tulin tayoyin da suka suɗe, na tambaye shi ina yake kai su.

"Masu takalmi suna ɗiba, Alhaji, masu babbaka ma suna zuwa. Wanda ya rage yara su ƙona su cire waya."

"Sababbin fa, daga ina ake kawo muku?"

"Daga ko'ina. Ta Sin ta fi yawa, akwai ta Indiya." Ya mirgino tawa, ya tofa ɗan yawu a babban yatsa ya goge ƙurar gefenta, ya kanne ido yana bin ƙananan haruffan. "Taka kam 'yar Tailan ce."